Wa Ya Sa Hannu a Madadin Mama Ozella?

Shekara ashirin da biyu na yi ina sayar da tsofaffin motoci a bakin babbar hanyar garinmu, kuma ban san adadin mutanen da na tura wa takarda na ce "sa hannu nan, da nan, da nan" ba. Ban taɓa ganin wanda ya karanta ba. Ni ma mai turawar ban taɓa karantawa ba. Mai filin motocin ne yake karɓo takardun daga lauyansa, ni nawa nuna wuri da bakin biro. Karatuna aji shida ne, daga nan gonar auduga ta ɗauke ni. Ina iya karatu, amma a hankali, leɓena na motsi, shi ya sa ba na yi a gaban mutane. Sunana Cleophus Tibbs. Dattijo ne ni a cocinmu, kuma tun da na ajiye aiki motar coci take hannuna, ni ke kai tsofaffi asibiti in dawo da su.

Ta haka na kai Mama Ozella Rucker gidan kula da tsofaffi. Shekarunta tamanin da takwas, ita ce ta yi shekaru tana ja mana waƙa ranar Lahadi. Ciwon huhu ya kwantar da ita, da ta farfaɗo likitoci suka ce ba ta zaman gida ita kaɗai sai ta yi ƙarfi. 'Yarta ɗaya ce, Vernita, tana aiki can Chicago, kuma ita ke riƙe da takardar wakilcin uwar, wato ita doka ta yarda ta sa hannu a madadinta. Vernita ta shirya komai ta waya, ni na ɗauko Mama daga asibiti na kai ta, ita kuma ta iso bayan kwana biyu.

Wata uku da zuwanta, wata safiya Mama ta danna ƙararrawar kiran ma'aikata tana son zagawa. Ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Tana kallon agogon bango har minti hamsin, babu wanda ya leƙo. Sai ta dafa gado ta miƙe da kanta. A ƙofar banɗaki ta faɗi, ƙugunta ya karye. Daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Ni na tuƙa Mama da Vernita zuwa ofishin lauya, wata mace mai suna Marguerite Sills, doguwa, mai magana kamar tana auna kowace kalma da cokali. Na zauna a gefe da hulata a gwiwa. Lauyar ta ce ta shigar da ƙara, amma gidan sun kawo wa alƙali takardar shiga, kuma a cikinta akwai sharaɗin cewa duk abin da ya faru ba za a je kotu ba, sai dai gaban mai sasanci.

"Wane ne shi kuma?" in ji Mama daga kan kekenta na marasa lafiya.

"Wani lauya ne ko tsohon alƙali, Mama. A ɗaki ake yi, a rufe ƙofa. Abin da ya yanke ya yanku, ba a ɗaukaka ƙara, kuma ba a fita da maganar waje."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Ke, da ni, da lauyoyinsu."

Mama ta girgiza kai. "A'a, 'yata. Ni mutanen gari nake so, sha biyun nan da ake zaunarwa a gefen alƙali su saurara su yanke hukunci. Sau biyu aka taɓa kira na na zauna a kujerar, na san yadda take. So nake in faɗa musu minti hamsin da bakina, kowa na ji. Matar da ke gadon kusa da nawa ba ta da kowa, kuma ba ta iya danna ƙararrawar ma. In aka rufe ƙofa, wa zai ji?"

Vernita ta sunkuyar da kai. "Ni na jawo, Mama. Duk abin da suka miƙo mini sa hannu na yi. Ko duba ban yi ba."

Abin ya fara ba ni sha'awa, irin sha'awar da nake yi in na ji inji yana wata ƙara da ban san ta ba. Na ce, "Gafarta, lauya. Ashe mutum yana iya bayar da kotunsa kyauta tun abu bai faru ba?"

"Kullum ana yi, Baba Tibbs. Wayar da ke aljihunka ma da irin wannan ka saye ta. Akwai ƙuduri a majalisar jiha da ke neman a taƙaita abin, a hana kamfani sa wa mai saye ko ma'aikaci sharaɗin yafe haƙƙinsa na zuwa kotu. Amma ana ta ja, ba a zartar ba, kuma ko an zartar sai an yi wata shari'ar a kansa. Ba zai riske mu ba. Nan da mako uku alƙali zai saurare mu. In takardar ta tsaya, ɗaki za mu."

Na ce a buga mini takardar in tafi da ita. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Shafi arba'in da ɗaya ne fa."

"Ba inda za ni."

Na biya ta shagon Junius mai aski da takardar a hammata. Junius abokina ne tun muna yara, kuma ba a taɓa yin maganar da bai san ta fiye da mai ita ba. Da na ba shi labari sai ya ɗaga almakashi sama.

"To me ake so a yi? Baligi ya sa hannu, sai majalisa ta zo ta share masa hanci? Ni wannan ƙudurin ban yarda da shi ba. Lauyoyi ne ke neman abinci. Ka karanta kafin ka sa hannu, shi ke nan."

"Kai kana karantawa?"

"Sosai."

"Kujerar nan da nake kai, da ka saye ta, me takardar ta ce?"

"Ta ce kujera ce."

Mutanen da ke jiran layi suka fashe da dariya. Wani mai aikin injin katako ya ce shi ranar da aka ɗauke shi aiki an tsayar da su layi kamar masu karɓar allura, kowa ya sa hannu da yatsa a gilashin kwamfuta ya wuce, wanda ya tsaya tambaya aka ce akwai mutum goma a waje suna son gurbinsa.

"Kai kuwa Cleophus," in ji Junius yana juya kaina da yatsa biyu, "bakinka ne zai yi wannan magana? Rabin garin nan kai ka sa su sa hannu a kan motocin da ba sa hawa tudu. Yanzu tsufa ya zo ka zama waliyyi?"

"Ban zama ba. So nake kawai in ga abin da nake sayarwa shekara ashirin da biyu."

"Ka fara yau, wataƙila ka gama kafin jikanka ya yi furfura."

Kwana huɗu na yi. Kullum da safe in soya ƙwai, in dama tsakin masara, in share tebur, in ɗauko tabarau da rula ina bin layi ɗaya-ɗaya. Na ga abubuwan mamaki. Akwai inda suka ce in haƙoran roba suka ɓata ba ruwansu. Akwai inda suka ce suna iya canza maka ɗaki ba sai sun tambaye ka ba. Na lura da wani abu da na sani tun a filin mota: abin da suke so ka gani manyan baƙaƙe ne a gaba, abin da suke so ka yarda da shi yana can baya, bayan ka gaji. Sharaɗin mai sasanci yana shafi na talatin da uku, tsakanin maganar wanki da maganar lokacin ziyara. Sau uku na karanta shi. An rubuta shi da ladabi ƙwarai, har da cewa don sauƙinka aka yi.

A ƙasansa akwai gurbin sa hannu, an buga sunan Vernita Rucker da inji, an rubuta "wakiliyar mai jinya". A kan layin kuma ga wani zane kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Duk wanda ya taɓa sa hannu da yatsa a gilashi ya san ba ya kama da na biro; kowa nasa tsutsa ce. Amma wannan tsutsar tana da kai zagayayye da doguwar jela mai lanƙwasa kamar ƙugiyar kama tarwaɗa. Na ajiye cokali. Na duba kwanan wata: tara ga Afrilu.

Sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Na turo keken Mama har gaban teburin karɓar baƙi, jakarta a kafaɗata, ledar magunguna a haƙorana. Matar da ke wurin tana waya da kunne ɗaya, ta miƙo mini ƙaramar kwamfutar nan mai kamar faranti, ta ce a taɓa duk inda ya yi rawaya. A wuraren nan haka ake yi, wanda ke riƙe da keke shi ake miƙa wa. Ba ta tambaye ni ko ni wane ne ba, ni ma ban tambaye ta mene ne ba. Na ɗauka shaidar na kawo ta lafiya ce, kamar yadda ake sa hannu in an sauke kaya. Na goga yatsa sau biyar ko shida na miƙa mata. Vernita kuwa tana Chicago a ranar.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi shiru. Sa hannu a gurbin sunan wani, na san mutanen da suka kwana a ɗaure a kan ƙasa da haka. Ga kuma kunya: ni Cleophus da ake kawo wa mota in saurari inji in faɗi ƙaryar mai ita, a ce na bayar da kotun tsohuwa da yatsa ɗaya, leda a baki. Na wanke kwanuka, na share tsakar gida, na duba man motar coci da ba ya bukatar dubawa. Da rana ta yi tsaka na ɗauki takardar na tafi gidan Mama, inda Vernita ta dawo da ita tana jinyarta.

Na buɗe shafin a kan teburin cin abinci. "Vernita, wannan hannunki ne?"

Ta duba. "To na wa zai zama? Ga sunana."

"Sunanki inji ya buga. Ina kike ranar tara ga Afrilu?"

Ta yi lissafi da yatsu. Sai ta ɗago a hankali. "Ranar Alhamis na sauka... sha ɗaya ga wata. Amma ai na sa hannu a kan abubuwa, Baba, da yawa!"

"Kin sa a kan na magani da na abinci, suna baya, na gan su, kwanan watansu sha ɗaya. Wannan nawa ne."

Mama ta ce a miƙo mata. Ta kai takardar kusa da hanci ta daɗe tana kallo.

"Cleophus, wannan ne sa hannunka?"

"Shi ne, Mama."

"Kai da girmanka? Uwarka ta fi ka iya rubutu, kuma ita gicciye kawai take zanawa a madadin sunanta." Ta ajiye takardar. "To, kai wane ne nawa da za ka yafe mini kotu? Mijina ne kai?"

"Allah ya kiyaye, Mama. Wato... Allah ya ji ƙan marigayi."

"Kira lauyar nan, Vernita. Wannan ya rikice."

Lauya Sills ba ta yi murna da wuri ba. Ta ce ɗaure ni dai ba za a yi ba, tunda sunana na zana, ban kwaikwayi na kowa ba. Amma lauyan gidan zai ce Vernita ce ta aike ni, kuma hannun ɗan aike hannun mai aike ne. Ta tambaye ni me Vernita ta ce mini a waya a ranar. Na faɗa mata gaskiya: ta ce in kai Mama in yi duk abin da ya kamata.

Lauyar ta rufe ido. "Da waɗannan kalmomin?"

"Da su."

"Zai tambaye ka, kuma za ka rantse."

"Na sani. Ba zan canza su ba."

"Ban ce ka canza ba, Baba Tibbs." Ta yi ɗan rubutu. "Zan nemi su kawo abin da kwamfutar ta adana na ranar. Irinsu suna rubuta lokaci."

Ranar zaman na sa kwat ɗina na jana'iza. Alƙalin wani tsoho ne mai suna Threadgill, mai sanƙo, yana shan ruwa da ƙaramin kofi kamar magani. Lauyan gidan matashi ne mai fara'a; da a filin mota muka haɗu da na ɗauke shi aiki. Ya gaishe ni da girmamawa, ya tambayi cocinmu, sannan ya matso.

"Vernita Rucker ta ce ka yi duk abin da ya kamata. Haka ne?"

"Haka ne."

"Kuma sa hannu a takardar shiga yana cikin abin da ya kamata?"

"Abin da ta lissafa mini shi ne magunguna, da bargon Mama mai ruwan ƙasa, da a nema mata gado kusa da taga. Na yi biyu, tagar ce ban samu ba."

"Amma ta ce duk."

"Ɗana, in ka ba ni makullin motarka ka ce in kai ta wanki in yi duk abin da ya kamata, sai in sayar da ita?"

Wani ya yi dariya a baya. Ko ban juya ba na san Junius ne, ya rufe shago ya zo kallo. Alƙali ya ɗaga ido, aka yi tsit.

Lauyan bai ji haushi ba. Ya ce, "An gaya mini ka daɗe kana kasuwanci. Ka san takarda. Ka san abin da sa hannu yake nufi. An hana ka karantawa ne?"

Nan ne wurin da na yi mako biyu ina tsoro. Na dubi Mama, tana zaune a kekenta ta harɗe hannuwa a kan jaka, ta zuba mini ido.

Na ce, "Ba a hana ni ba. Amma aji shida na tsaya. Takardar nan da na zauna na karanta ta daga baya, kwana huɗu ta ɗauke ni, da rula. Shekara ashirin da biyu ina ba mutane irinta, ban taɓa karanta ko ɗaya ba, kuma da wani ya ce zai karanta da na ce masa akwai mai jiran motar. Na san yadda ake yi, shi ya sa na gane da aka yi mini."

Mutanen cocinmu sun kai goma a wurin, waɗanda suka saba gani na riƙe da littafin waƙa a buɗe.

Lauya Sills ta miƙe ta ba alƙali wata takarda, ta ce abin da kwamfutar gidan ta adana ne. An buɗe takardar shiga ƙarfe goma da minti sha huɗu, an gama sa hannu ƙarfe goma da minti sha huɗu da daƙiƙa talatin da takwas. Alƙali ya cire tabarau, ya mayar, ya sake dubawa.

"Shafi arba'in da ɗaya?" ya tambayi lauyan gidan.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Akwai wanda ya nemi ya ga takardar wakilci a hannun wannan bawan Allah?"

"Ba a rubuta ba, ranka ya daɗe."

"Mai jinyar fa, tana cikin hankalinta a ranar?"

"Ras nake!" in ji Mama daga inda take. "Ina zaune a gabansu kamar buhun dankali, ba wanda ya ce mini ci kanki."

"Baiwar Allah, ba a kira ki ba tukuna."

"Ai shi na zo nema, ranka ya daɗe."

Alƙali ya kurɓi ruwansa, ina ganin don ya ɓoye bakinsa ne. Ya yi rubutu mai tsawo. Sannan ya ce shi ba a tambaye shi ko irin wannan sharaɗi yana da kyau ko ba shi da kyau ba, wannan aikin 'yan majalisa ne, in sun ga dama su yi. Abin da ke gabansa ɗaya ne: Ozella Rucker ba ta sa hannu ba, wakiliyarta ba ta sa ba, wanda ya sa kuwa direban coci ne da ba shi da ikon yafe mata komai. Ƙara za ta tsaya a kotu, a gaban mutanen gari. Ya sa ranar sha bakwai ga Fabrairu.

A waje Junius ya tare ni a kan matakala. "Aji shida? Ka ce mini takwas!"

"Kai ma ka ce kana karanta takarda."

Na ji daga baya cewa gidan sun canza tsari. Yanzu kafin su miƙa kwamfutar sai sun ga takardar wakilci sun ɗauki hotonta. Shafi na talatin da uku yana nan inda yake, sai dai yanzu hannun da ya dace ne ke gogawa. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai, don Mama ta tsira ne kawai saboda an miƙa wa wanda bai kamata ba. Da Vernita ta iso kwana biyu da wuri, da an rufe ƙofa.

A ranar zaman dai, da nake ɗaure keken Mama a bayan mota, na ga tana motsa baki tana ƙirga watanni. Vernita ma ta gani, ta ce a hankali, "Fabrairu da nisa, Mama. Wata biyar."

"Na iya ƙirga. Likita ya ce in bar gishiri, to daga yau na bari. Naman alade ma na bari, sai ranar sha takwas." Ta buga gefen keken da tafin hannu. "Cleophus, ka rubuta ranar a inda ba za ka manta ba. Ƙarfe takwas za ka zo, ba tara ba. So nake in riga su shiga, in ga fuskar kowane ɗaya daga cikin sha biyun nan yana zama."